Tambayoyi da amsoshi kan kashewa da kunna na'urori daga nesa: layin umarni da kafar siriyal

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a tsakaninmu masu kula da rezo, wato hanyar sadarwar kwamfuta da intanet, a Garwa, Marwa da Ngaundere, har da 'yan'uwanmu na tsallaken Logon a Njamena. Wani eriyar intanet yake lura da ita a kan dutse, wani ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, na ofis ko gidan rediyo, wani kuwa 'yan kyamarori ne da rauta, abin da ke raba intanet, a sito. Ciwon dai iri ɗaya ne: na'ura ta sandare a wuri mai nisa, maganinta a zare mata wuta a mayar, kuma babu mai zarewa. Shi ya sa muke amfani da wata na'ura mai soket da ake ba umarni daga nesa ta yi wannan aikin. Na haɗa amsoshin wuri guda don in huta da maimaita su a WhatsApp. Inda amsa ta jingina da wata, na ba da lambarta.

1. Wai mece ce wannan na'ura, kuma me ya raba ta da doguwar soket ɗin da ake sayarwa a kasuwa?

A ido kusan abu ɗaya ne: sanda mai ramukan soket takwas, goma sha shida ko ashirin da huɗu. A takardun kamfani PDU ake kiranta, mu ce mai rabon wuta. Bambancin yana ciki. Bayan kowane rami akwai ɗan makunni da lantarki ke motsawa, wato rile, sannan akwai ƙaramar kwamfuta da ke karɓar umarni ta ce wa rile na 3 ya saki, na 5 ya riƙe.

Sai dai a kula wajen saye, musamman kayan gwanjo. Iri uku ne: wadda rabon wuta kawai take yi, wadda take auna abin da ake sha amma ba ta kashe komai, da wadda take kashe kowane rami shi kaɗai. Ta ukun ce muke magana a kai. A kayan kamfanin APC, alal misali, jerin AP78 da AP88 masu awo ne, AP79 da AP89 su ne masu kashewa. Na ga mutum ya yi murnar samun araha, ashe mai awo ya ɗauko, kafar rezo da ya gani a jikinta ce ta ruɗe shi.

2. Tana da shafin da ake buɗewa a burauza, me zai sa in wahalar da kaina da rubuta umarni?

Ranar da rezo ke da lafiya, shafin ya ishe ka. Amma ranar da kake buƙatar na'urar, galibi rezon ne ba shi da lafiya. Shafi yana jan hotuna da tarkace, umarni kuwa 'yan haruffa ne da za su wuce ko da sanda ɗaya ce a wayarka. Ga shi tsofaffin na'urori suna da tsarin tsaron shafi da burauzar zamani ke ƙin buɗewa. Abu na uku, umarni ana iya jera shi a fayil ya riƙa aiki da kansa, kamar yadda ke tambaya ta 17. Na huɗu shi ne babba: in na'urar ba ta da adireshin IP, wato lambar da ake kiranta da ita a rezo, ko an manta shi, babu shafin da zai buɗe, saura kafar siriyal, wato ramin da ake haɗa ta da laftof kai tsaye da igiya.

3. Ita kafar siriyal ɗin ba kayan da ba ce?

Kayan da ce, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ƙa'idar da take bi, RS-232, ta fito tun farkon shekarun 1960. Ba ta san IP ba, ba ta san rauta ba, ba ta jiran kowa ya ba ta adireshi. Wayoyi uku sun wadatar: ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa, ɗaya na ƙasa. Muddin na'urar na da wuta, za ta amsa.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe: RS-232 tana aiki da ƙarfin lantarki tsakanin bolt 3 zuwa 15, sama da sifili da kuma ƙasa da shi. 'Yan allunan USB da masu Arduino ke amfani da su bolt 3.3 ko 5 ne, kuma alamarsu a juye take. Ba za su fahimci juna ba, har allon na iya ƙonewa. Tsawon igiya kuma kada ya wuce kamar mita 15.

4. Me ake nufi da 9600 8N1 da nake gani a ko'ina?

Yarjejeniya ce tsakanin ɓangarorin biyu, don babu wanda ke gaya wa ɗayan yadda zai yi magana, sai an saita su daidai da hannu. 9600 gudu ne, bit nawa ke wucewa a daƙiƙa. 8 yawan bit ɗin kowane harafi. N na nufin ba a ƙara bit na tantance kuskure. 1 kuma bit ɗin da ke nuna harafi ya ƙare. In ka haɗa da bit ɗin farawa, kowane harafi bit goma ne, wato haruffa 960 a daƙiƙa. Ga mai buga umarni da yatsa, wannan ya yi yawa ma.

Akwai saiti na biyar da ba a sa shi cikin wannan taƙaitawa, shi ne tsarin da ɓangare ɗaya ke ce wa ɗayan dakata. A bar shi a kashe. Tunda yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, ga abin da za ka gani: Bits par seconde 9600, Bits de données 8, Parité Aucune, Bits d'arrêt 1, Contrôle de flux Aucun. APC, WTI da Server Technology a 9600 suke fitowa daga kamfani. Raritan PX2 da PX3 kuwa 115200 ne.

5. Malam, igiyar Cisco mai ruwan bula tana jakata. Za ta yi?

Wataƙila, amma kada ka ɗauka haka. A nan ne mutane suka fi ɓata yini guda. Ramin RJ45, irin na igiyar rezo, da ke jikin na'ura bai gaya maka yadda aka jera wayoyin ciki ba, kowane kamfani da nasa. Igiyar Cisco juyayya ce: haƙori na 1 yana zuwa na 8, na 2 yana zuwa na 7, haka har ƙarshe, aikawa a na 3, karɓa a na 6, ƙasa a 4 da 5. Wasu kamfanoni sun bi wannan jeri, wasu ba su bi ba. Masu rabon wuta na APC irin AP7900 da AP7920 ramin RJ12 gare su mai haƙora shida, kamar na tsohuwar wayar tarho, igiyarsu kuma lambarta 940-0144.

A ɓangaren kwamfuta, kan DB9 mai haƙora tara ba ya canzawa: na 2 karɓa, na 3 aikawa, na 5 ƙasa. In na'urar ita ma jerin kwamfuta gare ta, to bakin wannan yana fuskantar bakin wancan, kowa na magana babu mai ji. Sai an sa igiyar da ta musanya 2 da 3, wadda ake kira null modem. In kana da hoton jerin haƙoran daga littafin na'urar, da kan RJ da abin dannewa, minti goma ya isa ka haɗa taka.

Gargaɗi ɗaya da ya fita daga batun amma dole in faɗa. UPS, wanda a nan muka fi sani da onduleur, in na APC Smart-UPS ne mai kafar DB9, kada ka kuskura ka soka masa igiyar siriyal ta gama-gari. Jerinsa daban ne, kuma igiyar gama-gari na iya kashe shi nan take da duk abin da ke kansa. Tasa igiyar baƙa ce, 940-0024C, gudunta 2400.

6. Laftof ɗina ba shi da kafar DB9 ko ɗaya.

Kusan babu mai ita yanzu. Ana sayen igiyar USB zuwa RS-232. Abin dubawa shi ne ƙwaƙwalwar da ke ciki: FTDI, Prolific PL2303, CH340 ko CP2102. Ni FTDI nake nema, don ba ta cika ba da wahalar direba ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane igiyar. PL2303 na jabu sun cika kasuwa, kuma Windows na ƙin su da kuskuren Code 10, alhali Linux na karɓar su ba musu. Ka sauke direban tun kana gari. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma saman dutse ba wurin neman rezo ba ne.

7. Wace manhaja zan buɗe?

A Windows, PuTTY ko Tera Term. HyperTerminal da tsofaffin littattafai ke ambata an cire shi tun Windows Vista. Ka fara buɗe Gestionnaire de périphériques ka ga lambar COM da aka ba igiyarka, don takan canza in ka sauya ramin USB. A PuTTY ka zaɓi Serial, ka sa COM ɗin da gudun, sannan ka gangara sashen Serial na ƙasa ka kashe XON/XOFF, wato tsarin dakatarwar nan na tambaya ta 4, don a kunne yake zuwa.

A Linux, ka soka igiyar ka buga `dmesg | tail`, za ka ga suna kamar ttyUSB0. Sai `screen /dev/ttyUSB0 9600`, fita kuma Ctrl-A sannan k. Ko `picocom -b 9600 /dev/ttyUSB0`, fita Ctrl-A sannan Ctrl-X. In aka ce ba ka da izini, ka shigar da sunanka rukunin dialout a Debian da Ubuntu, ka fita ka sake shiga. Minicom ma yana yi, amma duba tambaya ta 8 kan halinsa. In igiyoyinka sun fi ɗaya, yi amfani da sunayen da ke cikin `/dev/serial/by-id`, waɗannan ba sa musanya wuri bayan ɗaukewar wuta.

8. Na haɗa komai, allo baƙi ƙirin, ko harafi ɗaya babu.

Da farko ka danna Enter sau biyu ko uku. Yawancinsu ba sa cewa uffan sai an taɓa su. In shiru ne har yanzu, ka raba matsalar gida biyu: taka ce ko ta na'urar? Zare igiyar daga na'ura, ka ɗauki guntun waya ka haɗa haƙori na 2 da na 3 a kan DB9 ɗinka, ka buga haruffa. In suna bayyana a allo, laftof, direba da manhaja duk lafiya. In ba sa bayyana, kada ka zargi na'urar, ko COM ɗin ba shi ba ne, ko igiyar USB ta mutu, ko manhajar na jiran izinin aikawa. Wannan na ƙarshe halin minicom ne: yana zuwa da dakatarwar RTS/CTS a kunne, sai ka shiga `minicom -s` ka kashe.

In gwajin ya yi kyau, saura jerin wayoyi. Ɗauki mita ka sa a awon DC, baƙar waya a kan haƙorin ƙasa. Haƙorin da ke aikawa, ko ba ya cewa komai, yana nuna lamba ƙasa da sifili, galibi tsakanin -5 da -12. Mai karɓa yana kusa da sifili. Ka auna ɓangarenka, ka auna na na'urar. In dukansu suna aikawa a waya ɗaya, ka samo ɓarawon, musanya 2 da 3 kamar yadda ke tambaya ta 5.

Akwai kuma shirun da mutum ke jawo wa kansa. In allo yana aiki sai kwatsam ya tsaya, mai yiwuwa hannu ya taɓa Ctrl-S, wanda ke nufin dakata. Ctrl-Q ke sakinsa.

9. Rubutu yana fitowa amma shirme ne, alamomi barkatai.

Ka yi murna, igiyarka daidai take. Gudu ne bai zo ɗaya ba. Gwada 9600, 115200, 19200, 38400, 57600, sannan 2400. Na'urar gwanjo wani ya riga ya taɓa ta, babu tabbas tana kan saitin kamfani. In wasu haruffa suna fita daidai wasu a karkace, duba ko an sa ta a 7E1 maimakon 8N1. In gudun daidai ne amma shirme na shigowa jefi-jefi, wayar ƙasa ce ta saki, ko cajar laftof ce ke kawo hayaniya. Zare cajar ka gani.

10. Ta tambayi suna da kalmar sirri, na sa na littafi ta ƙi.

Kafin komai, dubi madannanka. Mu nan AZERTY da QWERTY a cakuɗe suke: laftof na Faransa, Windows na Ingilishi, ko akasin haka. Kana danna a yana aika q, kana danna m yana aika wani abu, lambobi kuma a AZERTY sai da Shift. Tunda kalmar sirri ba ta bayyana a allo, ba za ka gane ba. Dabara: buga kalmar sirrin a gurbin suna ka ga abin da ke fita, sannan ka goge.

Na kamfani sanannu ne: APC apc da apc, WTI super da super, Server Technology admn da admn, tsofaffin Raritan admin da raritan. In wani ya canza ya tafi da ita, kafar siriyal ce mafita. A APC masu katin rezo na ƙarni na ɗaya da na biyu, kana haɗe ta siriyal za ka danna ɗan maɓallin Reset, fitila ta fara walƙiya tsakanin kore da ruwan lemo, ka sake dannawa tana cikin walƙiyar. Sunan kamfani zai yi aiki na ɗan lokaci, daƙiƙa 30 kake da su ka shiga ka sa sabuwa. Soket ɗin ba sa mutuwa a wannan aikin. Da ka shiga ka canza kalmar kamfani, dalili yana tambaya ta 16.

11. To na shiga. Yaya zan kashe, in kunna, in sake tayar da soket?

Kowane kamfani da harshensa, amma ma'anar ɗaya ce. A APC masu layin umarni: `olStatus all` ya nuna halin kowane soket, `olOff 3` ya kashe na uku, `olOn 3` ya kunna, `olReboot 3` ya kashe ya jira ya kunna. In ta karɓa za ta ce E000, in ba ta san umarnin ba E101, in abin da ka biyo da shi ne ba daidai ba E102. Tsofaffin AP79 ba su da wannan a farko, jerin zaɓi ne mai lambobi, kana danna 1 ka shiga sashen na'ura, Esc ka koma baya.

WTI da karkataccen layi take farawa: `/S` hali, `/ON 2`, `/OFF 2`, `/BOOT 2`, `/H` taimako, `/X` fita. Tana tambaya ko ka tabbata, in ka ƙara `,Y` a ƙarshe ba za ta tambaya ba. Server Technology: `status`, `on`, `off`, `reboot`, soket kuma da suna irin .A1. Raritan: `power outlets 4 cycle`.

Ka ba kowane soket suna ranar farko, a APC da `olName`, kuma ka manna takarda mai suna iri ɗaya a jikin igiyar. Lamba ana manta ta da ƙarfe biyun dare. Kuma ka sa wa kanka doka: duba hali kafin umarni, duba hali bayansa.

12. Yaya zan ba ta adireshin IP ta siriyal?

A APC: `boot -b manual`, sannan `tcpip -i 192.168.10.5 -s 255.255.255.0 -g 192.168.10.1` da naka lambobin, sai `reboot`. In ka manta yadda ake jera shi, `tcpip ?` zai tuna maka. A WTI `/N` ne ke buɗe saitin rezo, `/P` kuma saitin kafar siriyal ɗin kanta. A Raritan sai ka buga `config` tukuna, kuma babu abin da zai zauna sai ka ce `apply`. Adireshin ya zama tsayayye. In ta dogara da rauta ya ba ta, ranar da rautan ya rikice ita ma ta ɓace. Gudun siriyal kuwa, shawarata a bar shi yadda kamfani ya sa, don wanda zai zo bayanka littafi zai duba.

13. Na buga reboot amma sabar ba ta motsa ba. Wata rana kuma ta mutu ta ƙi tashi.

Abu biyu ne daban. A APC, `reboot` kaɗai ƙaramar kwamfutar cikin na'urar yake sake tayarwa, ba ya taɓa wuta. `olReboot` ne na soket. Sannan in sabar mai igiyar wuta biyu ce, kashe ɗaya ba ya yin komai, sai a haɗa su a umarni guda, kamar `olReboot 3,4`. Haka kuma in jiran ya yi gajere, wasu na'urori na da sauran caji a ciki, ba su ma san an ɗauke ba. Ni ina ba da daƙiƙa 15 zuwa 30, ana saitawa da `olRbootTime`.

Wadda ta ƙi tashi kuwa, laifin BIOS ne, wato saitin da kwamfuta ke fara bi da zarar an kunna ta. Kwamfutoci da yawa in wuta ta dawo suna zaune sai an danna maɓalli. Ka shiga BIOS ka nemi saitin abin da za ta yi bayan ɗaukewar wuta, ka sa ta riƙa kunna kanta. Kuma zare wa saba wuta matakin ƙarshe ne, bayan an gwada kashe ta da lalama, don yana iya lalata fayiloli.

14. Kuran, wato wutar lantarki, yana dawowa, komai ya tashi lokaci guda, gurup, wato janareta, ya shaƙe. Akwai magani?

Akwai, kuma a wurinmu wannan ya kusa fin kashewa daga nesa amfani. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo a kan Binuwai, mai megawat 72, wadda aka gama a 1982. In ruwa ya ja baya da rani kowa yana ji a jikinsa, ko da yake tashoshin sola na Marwa da Gidar sun rage nauyi. A Njamena ma gurup da sola ne abokan zama. Kowace na'ura a daƙiƙar farko tana zuƙar wuta ninkin abin da take sha a zaune, in goma suka zuƙa tare ƙaramin gurup ko inbata ba za su ɗauka ba.

Sai a jera su. A APC `devStartDly` yana sa na'urar ta jira bayan dawowar wuta kafin ta fara kunna komai, har zuwa daƙiƙa 300, `olOnDelay` kuma yana ba kowane soket nasa jinkirin. Ni modem da rauta nake sa wa farko, suwic, akwatin da igiyoyin rezo ke haɗuwa, bayan daƙiƙa 20, ma'ajiyar fayiloli bayan minti ɗaya, saba a ƙarshe. Jiran farkon yana kuma tsare kaya daga kuran mai zuwa ya koma ya sake zuwa cikin minti guda.

15. Me ya sa kake yawan cewa kada a yi wa soket ɗin rauta off?

Don na taɓa yi. Ina Garwa, kayan suna wani wuri a hanyar Marwa, tafiyar sa'o'i. Rezo na tafiyar hawainiya, na ce bari in kashe rauta in kunna. Na buga umarnin kashewa, ya yi aiki tsaf, sai hanyar da zan bi in aika umarnin kunnawa ta mutu tare da shi. Mai gadi ba ya da mabuɗin akwatin. Washegari da asuba na kama mota.

Abin da wannan ya koya mini: ka ɗauki takarda ka zana hanyar da umarninka ke bi, daga wayarka har zuwa na'urar. Duk abin da ke kan wannan hanya, modem, rauta, suwic, abin da ke ba eriya wuta ta igiyar rezo, ba a yi masa kashewa zalla daga nesa. Umarnin sake tayarwa kawai ake ba shi, don shi na'urar ce ke ƙirga lokaci da kanta ta mayar da wuta, ko da kai ka yanke. Kalmar all ma a yi hattara da ita. In akwai yaran aiki, a buɗe musu asusu mai iko da wasu soket kawai.

Wasu na'urori suna da mai gadi na ciki: suna aika ping, wato ɗan saƙon gwaji, zuwa wani adireshi, in shiru ya yi yawa su sake tayar da soket da kansu. WTI da Digital Loggers suna da shi. Yana da kyau ga modem, amma a sa masa haƙuri da iyakar maimaitawa. In matsalar daga kamfanin rezo ce, kada ya kwana yana kashe modem kowane minti biyu.

16. Yaya zan kai ga kafar siriyal alhali ina gari? Kuma Telnet ko SSH?

Sai an bar wani abu a wurin yana riƙe da igiyar. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da igiyar USB da modem na 4G ya isa: ka shiga ta SSH, hanyar buga umarni daga nesa, ka buɗe picocom, ko ka sa ser2net, manhajar da ke fito da kafar siriyal kan rezo. Rautan MikroTik mai kafar siriyal ko USB ma yana yi: ka sakar masa kafar daga `/system console`, ka saita gudu a `/port`, ka shiga da `/system serial-terminal`. Hikimar ita ce wannan hanya ta biyu kada ta haɗa komai da ta farko. In babban layi na Camtel ne, sim ya zama na MTN ko Orange; a Chadi, ɗaya Airtel ɗaya Moov. Wutarsa ma ta fito kai tsaye daga batir. Sim na gama-gari galibi ba ya da adireshin da za a kira shi daga waje, don haka shi zai nemo ka ta ramin WireGuard, wato rufaffiyar hanya a cikin intanet, zuwa wata saba da kake da ita. Kuma a tuna da sabunta kuɗin sim ɗin, abin dariya ne amma shi ya fi kashe wannan hanya.

Telnet, tsohuwar hanyar buga umarni daga nesa, a ƙofa ta 23, yana aika kalmar sirri tsirara. SSH, a ta 22, yana rufe ta. Ka kunna SSH ka kashe Telnet, kuma kada ka buɗe na'urar ga intanet kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In tsohuwar na'ura ta ƙi gaisawa da sabon laftof, dalili shi ne OpenSSH, manhajar SSH ta laftof ɗin, ya rufe tsofaffin hanyoyi, wasu a siga ta 7.0 a 2015, ssh-rsa kuma a 8.8 a 2021. Ana buɗe su ga wannan na'urar kaɗai da `-oKexAlgorithms=+diffie-hellman-group1-sha1` da `-oHostKeyAlgorithms=+ssh-rsa`.

17. Na rubuta fayil ɗin umarni, da hannu yana yi, a fayil ba ya yi.

Gaggawa ce. Ƙwaƙwalwar na'urar ƙarama ce, in ka zuba mata layi biyar lokaci guda sai ta haɗiye rabi. Yi amfani da manhajar expect ko pexpect, su jira alamar shiri, irin `apc>`, kafin su aika na gaba. Sannan Enter na siriyal CR ne, wato `\r`, fayil ɗin Linux kuwa `\n` yake aikawa. Ka rufe da umarnin fita, don wasu na'urori mutum ɗaya suke bari a ciki.

18. Zan iya sa mata na'urar sanyaya ɗaki ko firji?

Lissafi tukuna. A bolt 230, ramin C13 mai amfiya 10 iyakarsa wat 2300, gaba ɗayan na'ura mai amfiya 16 kuma wat 3680, kuma ba a cika ta har baki. Amma ko lissafi ya yarda, injin sanyi yana fizgar wuta da ƙarfi wajen tashi, yana cin bakin rile har wata rana ya manne, ka ce kashe ta ce ta kashe alhali wuta na tafiya. In dole ne, soket ɗin ya motsa babban kontakta, wato rile mai ƙarfi, shi ya ɗauki nauyin, kuma a bar aƙalla minti uku tsakanin kashewa da kunnawa. Kayan eriyar sadarwa masu DC -48 kuwa nasu mai rabon daban ne.

19. In ita kanta na'urar ce ta sandare fa?

Yana faruwa, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Da yawansu iyakar da aka rubuta musu digiri 45 ce, akwatin ƙarfe a rana a Kuseri kuwa yana wuce haka nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska, tsawar damina kuma tana shigowa ta igiyar rezo ko ta siriyal in ƙasa ba ta haɗu da kyau ba. Doguwar igiyar siriyal tsakanin gini biyu tana buƙatar abin raba lantarki a tsakani.

Sau da yawa ɓangaren rezo ne ke mutuwa, siriyal na nan da rai, sai ka bi ta hanyar tambaya ta 16 ka buga `reboot`. In ita ma shiru, soket ɗin galibi suna zama yadda suke, kaya na ci gaba da aiki, kai ne dai ba ka da iko. A nan sai mutum. Ni a kowane akwati ina barin igiyar siriyal ɗinsa a ɗaure da ƙarfe, da takarda a bayan ƙofa mai gudu da adireshi da sunayen soket, ban da kalmar sirri. Mai gadi kuma na nuna masa ramin Reset, na bar masa tsinke da mabuɗi, kuma kafin in hau babur sai na koma bakin ƙofa na sake tayar da rauta daga wayata, na tsaya har ya dawo.